Tatsuniyar Ruwan Bagaja Da Daren Da Na Gane Kaina A Cikinta

  Yau ina so mu jingine zancen tukunya da na allura, mu koma ɗakin tsofaffi mu ji ɗumi, gama akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, na ga gara in fito da ita kowa ta ji.

Abin da ya tono ta kuwa shi ne, ran Talatar da ta wuce ina koyar da Hausa a aji huɗu, sai na ce wa yara, wa zai tashi ya yi mana tatsuniya? Na san tsofaffi sun ce mai tatsuniya da rana zai ɓata a kasuwa, amma mu malaman makaranta ba mu da yara a hannu sai da rana. Aji cike maƙil, hannu uku kaɗai na gani a sama. Biyu da suka tashi sai suka kama ba mu labarin fim ɗin da suka kalla a wayar yayyensu. Ta ukun, wata yarinya mai shiru-shiru, ita ce ta miƙe ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Muka ce ta zo mu ji ta. Sai ta ɗauko tatsuniyar Ruwan Bagaja. Tun ba ta yi nisa ba na ji gabana ya faɗi, don na san inda ta samo ta, na kuma san dalilin da ya sa uwarta ba za ta manta da ita ba.

Gidanmu A Lajawa

A Lajawa aka haife ni, cikin ƙasar Wudil ta Jihar Kano. Mutanen garinmu galibi manoma ne, gero da dawa da gyaɗa da wake, ran Juma'a kuwa masu hali su nufi kasuwar Wudil, wadda kararta ta shanu ta yi suna har Kudu. Gidanmu babban gida ne. Akwai kakarmu wadda ta haifi Baba, muna ce mata Iya, ita kuwa ba ta kirana da kome sai kishiya, kamar yadda kakanni suka saba yi wa jikokinsu mata. Akwai kuma 'yar ƙanen Baba, wadda ta girme ni da shekara biyu, ina ce mata Yaya. Ubanta ya rasu tana da shekara biyar, uwarta ta fita takaba ta yi aure a wani gari, aka bar ta a hannun Innata riƙo.

Tabarma ɗaya muke kwana, bargo ɗaya muke rufa. Amma ita ke shara, ita ke wanke-wanke, ita ke zuwa rijiya. Ni kuwa ko kaina na ce yana ciwo sai a ce in je in kwanta. Ban taɓa ganin aibin wannan ba, don yaro abin da ya buɗe ido ya tarar a gidansu shi yake ɗauka daidai.

Cikin hunturun 2008, ina da shekara takwas, an gama kaka dawa ta shiga rumbu, wata rana da asuba na farka na ji tabarma a jiƙe, zanena sharkaf. Ni na yi. Tsoro ya kama ni, don na san abin da ake yi wa mai fitsarin kwance: yara su taru su bi ta da tafi suna kiranta amalala, wani gidan har kwaɗo ake ɗaura mata a ƙugu. Sai na tashi a hankali, na tuɓe zanen na cusa shi bayan rumbu, na ɗaura wani, na dawo na tura Yaya wajen danshin, ni na kwanta a busasshen wurinta. Gari ya waye Inna ta gani. Ba ta tambayi kowa ba, sai ta tsinko tsumagiya. Yaya tana kuka tana rantsuwa ba ita ba ce, amma ba ta ce ga wadda ta yi ba. Ni kuwa ina tsaye bakin ƙofa ina kallo, ko uffan ban ce ba. Aka ɗora mata tabarma a ka ta kai bakin rijiya ta wanke cikin wannan sanyi, kafin azahar yaran unguwa duk sun ji.

Daren nan bayan lisha, Iya ta hura wutar kara a ɗakinta. Kullum mu ke roƙonta tatsuniya tana cewa bakinta ya gaji, amma ran nan ita ta aika aka kira mu. Har Inna ta sa aka kira, wai ta zo ta taya ta ɓarar gyaɗa. Da muka zauna sai ta soma.

Yadda Iya Ta Ba Mu Ita

Wani mutum ne da matansa biyu, Mowa da Bora, kowace da 'yarta ɗaya. Mowa ita ce ta gaban goshi, abin da ta ce shi ake yi. Bora kuwa ko gaisuwarta da ƙyar ake amsawa. 'Yan matan nan biyu a kan kirgi ɗaya suke kwana. Ran nan da dare ya raba, 'yar Mowa ta yi fitsari a kirgi. Mowa ta tashi ta ɗauke 'yarta, ta mirgino 'yar Bora wurin. Da safe aka ce 'yar Bora ce. Uban bai bincika ba, ya ce kirgin nan ba za a wanke shi a rijiya ba, ba kuwa a rafi ba, sai a Ruwan Bagaja, ruwan da ba wanda ya san inda yake.

Da Iya ta kawo nan sai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ita kuwa ko inda nake ba ta duba ba, tana ta ɓarar gyaɗarta.

Yarinya ta naɗe kirgi ta ɗora a ka ta kama hanya. Ta yi ta tafiya har ta iske wani kogi na tuwo da miya. Ta yi sallama, ta tambaye shi cikin waƙa ko shi ne Ruwan Bagaja. Kogi ya ce ba shi ba ne, amma ta zauna ta ci. Ta ce ta gode, aikenta aka yi. Haka ta wuce kogin fura da nono, ta wuce na nama, ta wuce na zuma, ko yatsa ba ta tsoma ba, ga ta kuwa da yunwa. Kowane kogi aka zo Iya takan rera waƙar da muryarta mai rawa, mu kuma mu amsa. Daga bisani yarinya ta kai Ruwan Bagaja, ta wanke kirgi tas.

Tana juyowa hadari ya taso. Ta hangi wata 'yar bukka, ta je ta yi sallama ta shiga. Ba kowa a ciki sai cinya guda ta mutum, da wani kare. Cinya ta yi gurnani, kare ya ce, ana yi miki maraba. Yarinya ba ta yi dariya ba, ba ta kuwa tsaya tambayar ina sauran jikin yake ba, sai ta durƙusa ta gaishe su. Aka ba ta ƙwayar shinkafa ɗaya da ƙashi guda, aka ce ta dafa musu abinci. Ta wanke tukunya ta ɗora kamar yadda aka ce, kafin a jima tukunya ta cika da shinkafa da nama. Ta zuba wa masu gida tukuna, sa'an nan ta ci. Da gari ya waye ta share bukka, ta yi musu ban kwana. Aka kawo ƙwai biyu, babba da ƙarami, aka ce ta zaɓa, ta ɗauki ƙaramin. Kare ya ce mata, in kin shiga daji ki riƙa tambaya ko ki fasa. Inda kika ji ana ta ce miki fasa, fasa, ki wuce. Inda kika ji shiru, nan za ki fasa. Ta yi yadda aka gaya mata. Ƙwai na fashewa sai ga shanu da raƙuma da dawaki da kayan ado, ga makaɗa da mabusa, aka ɗora ta bisa doki aka rako ta har ƙofar gidansu.

Mowa ta gani, baƙin ciki ya kama ta. Ta sa 'yarta ta jiƙa kirgi da gangan, ta tura ta ita ma. 'Yar Mowa kowane kogi ta je, ba sallama ba tambaya, sai ta zauna ta ci har ciki ya yi mata nauyi. Da ta shiga bukka ta ga cinya sai ta ƙyalƙyale da dariya, ta kai wa kare shuri. Da aka ba ta ƙwayar shinkafa ta ce ita ba a raina mata hankali. Da aka kawo ƙwai ta wawuri babban. Wurin farko da ta ji ana cewa fasa, nan ta fasa. Sai ga kutare da makafi bisa jakuna, ƙudaje na binsu, su suka rako ta gida. Ƙurunƙus.

Inna ba ta ce kome ba, ta tattara ɓawon gyaɗa ta fita. Da safe Iya ta kira ni ɗakinta, ta miƙo mini wani abu a ninke, ta ce, "Kishiya, karɓi zanenki, na wanke miki ya bushe. Bayan rumbu ba wurin ajiye tufa ba ne, gara sai ta ci." Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Na sha jin tatsuniyar nan kafin wannan dare, kullum kuwa ina ɗaukar kaina 'yar Bora, kamar yadda kowace yarinya take yi. Ran nan na san ni ce 'yar Mowa.

Na kwana uku tuwo ba ya wuce mini, sa'an nan na je na gaya wa Inna gaskiya. Ta ce in rufe bakina, abin da ya wuce ya wuce. Ba ta sake dukan Yaya a kan wannan ba, amma ba wanda ya fita ya gaya wa yaran unguwa, saboda haka sunan nan ya bi ta har makaranta.

Tatsuniyar Nan Tana Da 'Yan'uwa

Sai da na shiga kwalejin horon malamai a Kano na san cewa tatsuniyoyinmu sun daɗe da shiga takarda. Tun 1885 wani Bature mai suna Schön ya buga Magana Hausa, da labaru da yawa daga bakin Dorugu, wani yaro mutumin ƙasar Damagaram da ya bi Barth har Ingila. Tsakanin 1911 da 1913 Frank Edgar ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, juzu'i uku, daga abin da malamai suka rubuta da ajami. A farkon shekarun 1970 kuma marigayi Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da Tatsuniyoyi da Wasanni, littafi shida, domin 'yan makaranta. Allah ya saka musu. Amma ku lura, masu rubutun nan duk maza ne, alhali tatsuniya a gidan Bahaushe aikin tsofaffi mata ne, su kuwa ba a cika rubuta sunansu ba.

Ku 'yan makaranta kada ku haɗa wannan tatsuniya da littafin Ruwan Bagaja na Alhaji Abubakar Imam, ku je ku faɗi a jarrabawa. Shi ya rubuta nasa a 1933, yana da shekara 22, yana malami a Katsina, domin gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya. Labarinsa na Alhaji Imam ne da ya fita neman ruwan don a yi wa ɗan sarki magani, yana ta karo da Malam Zurƙe a hanya. Sunan ruwan ne ya haɗa su, da doguwar tafiya.

Wani abin mamaki kuma, ba mu kaɗai ke da ita ba. A Faransa, cikin 1697, Charles Perrault, wanda ya rubuta labarin Sinderela da wasunku suka sani, ya buga na wata yarinya da ta ba tsohuwa ruwa a bakin rijiya, aka saka mata da lu'ulu'u yana zubowa daga bakinta in ta yi magana, 'yar'uwarta mai rashin kunya kuwa macizai da kwaɗi. A Jamus, cikin 1812, wasu 'yan'uwa biyu da ake ce wa Grimm suka buga na wata wadda ta faɗa rijiya, ta yi wa wata tsohuwa aiki da zuciya ɗaya, ta komo gida lulluɓe da zinariya, ɗayar kuwa ta komo da baƙin ƙaro. Wani masani a Amurka, Warren Roberts, ya tara irin wannan labari ɗaruruwa daga ƙasashe dabam-dabam ya gwama su cikin littafinsa na 1958. Watau ko'ina aka je a duniya akwai gidan da ake fifita wata yarinya a kan wata, akwai kuma tsohuwar da ta gani ta rasa yadda za ta faɗa sai ta hanyar tatsuniya.

Gare Ku 'Yan Makaranta

Na farko, ku tuna da kogunan nan. 'Yar Bora tana jin yunwa, amma ta san abin da ya fito da ita. Ke ma aikenki aka yi, kuma tsakanin gidanku da ƙofar aji akwai koguna: mai shagon da ke ba ki kaya ya ce ki bar kuɗin, da mai babur da ke cewa hau in rage miki hanya kullum, da wayar da za ta cinye miki dare ba ki buɗe littafi ba. Ki ce kin gode, ki wuce.

Na biyu, cinya da kare. Duk inda kika je neman ilmi za ki tarar da wanda bai yi kama da mutanen gidanku ba, mai in'ina, ko gurguwa, ko wadda Hausarta ba ta nuna ba. Yi sallama, ki gaida mutane, ki riƙe dariyarki. Sau da yawa abin da kike nema yana hannun wanda kika raina.

Na uku, ƙwayar shinkafa. Da na fara kwaleji Turancina bai kai ya kawo ba, har ina jin kunyar buɗe baki. Wata malama ta ce in riƙa karanta shafi ɗaya kowane dare da ƙarfi, in rubuta kalma biyar da ban sani ba. Na ga abin kamar wasa, amma na yi. Kafin shekara ta zagayo ni ke karanta wa 'yan ɗakinmu sanarwa. Da sannu tukunya ke cika.

Na huɗu, masu cewa fasa. Ranar da za ki yanke shawara mai nauyi, ko ta barin makaranta, ko ta satar amsa, ko ta amsa wa wani saurayi, za ki ji bakuna da yawa suna zuga ki. Ranar da abin ya ɓaci ba za ki ga ko ɗaya daga cikinsu ba. Nemi wurin da ba hayaniya, ki yi tunani, ki shawarci wadda ta girme ki.

Gare Mu Iyaye Mata

Yanzu fa ga inda maganar ta fi nauyi. Mun saba yi wa yara wannan tatsuniya don su koyi ladabi da haƙuri, mu manta akwai manya uku a cikinta. 'Yar Mowa ba da rashin kunya aka haife ta ba. Uwarta ce ta ɗauke ta daga kan laifinta tun tana barci, ta nuna mata cewa in ta yi ɓarna akwai mai ɗauka. Ranar da ta fita inda ba uwa, ba ta san yadda ake sallama ba. Wadda duk ta hana 'yarta tsintsiya ta miƙa wa 'yar riƙo, to, ta sani 'yar riƙon take koya wa zaman duniya, tata kuwa tana cutarta. Uban kuma da ya yanke hukunci bai tambaya ba, laifinsa bai gaza na Mowa ba, ku karanta wa masu gida wannan wuri. Aya ta 112 cikin Suratun Nisa'i ta yi kashedi mai tsanani ga wanda ya yi laifi sa'an nan ya jefa shi kan wanda bai ji ba bai gani ba. Mun kuma san irin kusancin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa mai riƙon maraya alkawari a Aljanna. Riƙon kirki ake nufi.

Sa'an nan kada mu fake da haƙurin 'yar Bora. Na sha jin ana ce wa marainiya, yi haƙuri, ke ma wata rana ƙwanki zai fashe. Haƙuri abu ne mai kyau, amma wanda ya danne ka ba shi ya kamata ya yi maka wa'azinsa ba. A tatsuniya ne ake samun ƙwai a daji. A Lajawa ƙwan yana hannunmu, shi ne makaranta, da ƙoshi, da adalci. Tun 2004 dokar ƙasar nan ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma tilas ne ga kowane yaro, dokar kuwa ba ta ware ɗan riƙo ba. Ga abin da nake ba da shawara. A raba aikin gida kamar yadda muke raba shara a makaranta, yau wannan gobe waccan. A zuba musu abinci a kwano ɗaya. In an yanka atamfar salla a yanka musu tare. In talla ta zama dole, kada ta ci lokacin aji, kada kuma kullum kai ɗaya ne ke ɗaukar faranti.

Game da fitsarin kwance kuwa, don Allah mu ajiye bulala. Ba ƙeta ba ce, ba kuwa lalaci ba. Yawanci mafitsarar yaro ce ba ta gama ƙwari ba, ga nauyin barci, kuma abin yakan bi jini, in kin bincika sai ki tarar uban ko ke kanki kun yi. Tsoro da baƙin ciki suna ƙara shi, saboda haka duka da tafin yara ba abin da suke yi sai daɗa ɓata lamari. A rage wa yaro kunu da ruwa in dare ya yi, a sa shi ya kewaya kafin ya kwanta, a shimfiɗa leda ƙarƙashin zane, ranar da ya tashi a bushe a yaba masa. In ya wuce shekara bakwai bai daina ba, ko ya daina ya komo, ko yana kukan zafi, sai asibiti. In kuwa kika ga jini a ƙarshen fitsari, wannan alamar tsargiya ce, wadda yara ke ɗauka wajen wanka a kogi da kududdufi inda dodon koɗi yake, mu da ke kusa da kogin Wudil mun san ta. Ba alamar balaga ba ce kamar yadda wasu ke cewa. Tana da magani na ƙwaya, a je a karɓa.

Akwai kuma wuri ɗaya da nakan sauya in ina yi wa yara tatsuniyar nan. Ba na cewa kutare da makafi suka fito daga ƙwan 'yar Mowa, sai in ce rina da kunamu da ƙudaje. Dalili kuwa, cikin aji ana iya samun wanda ubansa makaho ne, bai kamata ya ji an mai da uban nasa abin horo ba. Kuturta ma ciwo ce kamar kowane, ana warkewa, maganinta kuwa kyauta ake bayarwa. Tatsuniya ba aya ba ce, kowace tsohuwa da yadda take juya ta, mu ma muna da ikon mu gyara.

Abin Da Ya Sami Yaya

Na san kuna so ku ji ƙarshen Yaya. Tana aji huɗu sa'ad da abin nan ya faru. Tsokanar yara ta sa ta fara ƙin zuwa makaranta, yau ciwon ciki gobe ciwon kai, ba wanda ya matsa mata, daga nan sai aka ɗora mata farantin ƙuli-ƙuli. A 2014 aka yi mata aure tana da shekara 16. Ni kuwa na wuce sakandare, na wuce kwaleji. Ba na cewa tabarmar nan kaɗai ta raba mu, amma ita ce mafari, kuma hannuna na ciki. Iya ta rasu ba ta sake tayar mini da zancen ba ko sau ɗaya, Allah ya jiƙanta.

Da na karɓi takardar shaidar malanta, na sayi turmin atamfa na tafi gidan Yaya. Bayan mun gaisa na ce, "Yaya, na zo neman gafara ne a kan wani abu da na yi miki muna yara." Na soma ba ta labari, sai ta yi dariya ta ce, "Haba ƙanwata, ai idona biyu sa'ad da kika tura ni. Na ga ke ƙarama ce, ba za ki iya da bulalar Inna ba." Na yi kuka har na ba ta tausayi, ita ke ba ni haƙuri. Daga nan ta kira babbar 'yarta ta ce, "In dai kina so ki biya ni, ga 'yarki nan. Ki riƙe ta, ta wuce inda na tsaya."

Ita ce yarinyar da ta yi mana tatsuniya ran Talata. A wurin uwarta ta ji ta, uwarta kuwa a ɗakin Iya. Yau tana hannuna riƙo, tana aji huɗu, daidai inda uwarta ta tsaya, ga kuma tawa 'yar ƙarama tana tasowa. Kullum na zo raba nama ko na ɗauki tsintsiya zan miƙa, sai in tsaya in dubi hannun da nake miƙa wa. Ba na yi muku alkawarin na fi Inna ba, ita ma ba muguwa ba ce, abin da ta tarar ana yi ta yi. Kafin in aiko da wannan takarda na karanta mata ita daga farko har ƙarshe. Ta yi shiru har na zaci ta yi fushi, can sai ta ce, "A buga, wataƙila wata ta ji."

Roƙona gare ku 'yan makaranta, wadda duk ke da kaka da rai, ta sayi littafin rubutu guda, ta zauna kusa da ita cikin hutun nan, ta rubuta tatsuniyoyinta yadda ta faɗe su, ta sa sunan tsohuwar da garinsu a sama. Wadda ta ga dama ta aiko mana ta hannun Edita, za mu riƙa sa su a wannan fili. Ku kuma iyaye, yau da dare a kashe waya ko na rabin sa'a ne, a tara yaran gida duka, na ciki da na riƙo, a yi musu guda ɗaya.

Allah ya ba mu ikon riƙon amana. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalam.